Abokina furodusa ya ce in sayar da filina mu yi fim

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Hausa ne a wata sakandaren gwamnati a Kano. Shekarata 54, na yi 28 ina koyarwa. Tun ina saurayi nake rubuta wasan kwaikwayo, ɗalibai su yi ranar rabon kyaututtuka, kuma ina da labarai a littattafan rubutu cike da akwati. Kwanan baya a wajen wani ɗaurin aure na haɗu da abokina da muka yi makaranta tare, yanzu furodusa ne. Na ba shi labari ɗaya da baki, ya ce wannan zai yi fim mai dogon zango. Ya ce in ajiye aiki, in sayar da filina in zuba kuɗin, ni ne marubuci, mu raba riba biyu. Uwargidana ta ce ba da yawunta ba. Yayana ya ce da furfurata zan zama ɗan fim. Ni kuwa gani nake in wannan ta wuce ni, shi ke nan. Kuma ina jin nauyin ce masa mu yi a rubuce, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara girma.

Abokinka abu uku ya haɗa maka a magana ɗaya: ka zama marubucin fim, ka zuba jari, ka bar aiki. Na farkon ne kake so tun kana saurayi. Sauran biyun shi ya kawo su, kuma ba sharaɗi ba ne ga na farko. Shawararmu ita ce ka karɓi ɗaya, ka ajiye biyu. Ka shiga ta ƙofar da ya buɗe maka da alƙalaminka, fili ya zauna inda yake, albashi ya ci gaba da shigowa.

Kada ka raina ƙofar. Harkar fim a Kano ba ta da talla a jarida da ake cewa ana neman marubuci. Tun daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa da suka fara fim ɗin bidiyo a 1990, har zuwa ofisoshin da ke Zoo Road yau, wani ne ke kama hannun wani ya shigo da shi. Yaro mai shekara 20 yana iya zaman ofishin maigidansa shekara biyar yana sayo abinci da ɗaukar fitila kafin a ba shi dama. Kai ba ka da waɗannan shekarun, kuma girmanka ba zai bari ba. Saboda haka mutumin da ya san ka tun kuna cin garau-garau a makaranta, wanda zai zauna ya saurari labarinka har ƙarshe, alheri ne babba. Matsalar tana wajen kuɗin.

A masana'antar akwai kalma da ake faɗa wa sabon shiga mai kuɗi: kan-ta-waye. Wato a ci abin da za a ci kafin kansa ya waye. Ba muna cewa abokinka haka yake nufi ba. Yawancin furodusoshi kullum cikin neman jari suke, kuma mai yiwuwa har zuciyarsa ya yarda za a samu riba. Amma kyakkyawar niyyarsa ba ta sauya yadda kasuwar take. Kasuwar faifai da ta riƙe harkar a da ta mutu. Yanzu fim mai dogon zango ko dai tashar talabijin irin Arewa24 ta ɗauka, ko a samu masu talla, ko a ɗora a YouTube. Shi kuwa YouTube ba ya fara biyan kuɗin talla a cikakken tsarinsa sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ba ya turo kuɗi sai sun kai dala 100, kuma abin da ake biya a kan kallon da aka yi daga Najeriya ko Nijar bai kai na wanda aka yi daga Saudiyya ko Turai ba. Fim na iya tara masu kallo har ka ji ana maganarsa a adaidaita sahu, amma kuɗin ya riƙa ɗigowa kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, cikin asusun mai tashar. Mai tashar kuwa ba kai ba ne.

Sannan ka dubi kalmar riba. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire kashe-kashe, kuma wanda ke riƙe da littafin kashe-kashe shi ke faɗin ko ta rage. Kuɗin jarumai, hayar kyamara da fitilu, man janareta, abincin lokeshan (wato wajen ɗaukar fim), gidan da aka ara aka yi ɗauka, edita, mai sauti, kuɗin hukumar tace fina-finai. In jaruma ta ƙi zuwa ranar da aka tsara, an yi asarar yini guda kuma an ciyar da mutum talatin. Kai kana aji, ba ka da hanyar sanin ko kwana 12 aka yi ko 18. Abin da ya kawo maka, a fiƙihu sunansa ƙiradi: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba. Hukuncinsa kuwa sananne ne, in aka faɗi ba tare da sakaci ba, asarar dukiya a kan mai dukiya take. Shi ya yi asarar wahalarsa ya wuce fim na gaba, kai ka yi asarar fili. A nan uwargida ta fi ka gaskiya, kuma ya kamata ta ji haka daga bakinka.

Maganar aiki gajera ce. Ƙa'idar da aka saba ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, ka ga saura maka kamar shekara 6. Dokar tarayya ta 2022 ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40. Ka je ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka ka tabbatar wacce ta hau kanka, ka kuma tambayi bambancin ajiye aiki da yin ritaya ta ganin dama wajen fansho da garatuti, don ba ɗaya ba ne. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci in ban da noma. Ka rubuta labari da dare ko lokacin hutu ka sayar, wannan daban yake da a sa sunanka cikin masu tafiyar da kamfanin fim. Rubutu ba ya buƙatar ka bar aji. Awa ɗaya da rabi bayan asuba, kwana biyar a mako, da dogon hutun ƙarshen shekara, sun ishe ka.

Yanzu ga abin da za ka kai masa. Ka daina ba da labari da baki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta kare tunanin da ke cikin kai ko wanda aka faɗa a wajen ɗaurin aure, abin da aka rubuta take karewa. Wanda ka riga ka ba shi, ka zauna cikin makon nan ka rubuta shi. Shafi ɗaya na taƙaitaccen labari daga farko har ƙarshe, har da yadda zai ƙare. Shafi biyu na manyan mutanen labarin, kada su wuce biyar ko shida, kowa da abin da yake nema da abin da ya tare masa hanya. Sai tsarin zango na farko, kashi 13, kowane kashi rabin shafi. Sai kashi na ɗaya a rubuce cikakke. Ka buga a kwamfuta, ka sa sunanka da kwanan wata a kowane shafi, ka tura masa ta imel bayan ka miƙa masa takardar, don a samu shaidar rana. In kana son ƙarin kariya, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajistar ayyuka, ko da yake haƙƙinka ya tabbata tun ranar da ka rubuta.

Rubutun fim ba rubutun dandamalin makaranta ba ne, kuma a nan malamai suka fi tuntuɓe. Kowane sin, wato fitowa ɗaya a fim, yana farawa da lambarsa, da wurin, da ciki ne ko waje, da dare ne ko rana. In aka bi tsarin da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka kashi mai minti 45 zai ci shafi 40 zuwa 50. Sin ɗin da ya wuce shafi uku ka sake dubansa. Cutar malamin Hausa ita ce kowa a labarinsa yana magana da daidaitacciyar Hausa, kowa yana jefa karin magana, kuma ba a rabuwa sai wani dattijo ya yi nasiha ta shafi biyu. Mai kallo a waya ba ya jira, yatsa kawai zai sa ya wuce. Ɗauki misali: kana son nuna albashi ya makara. A dandamali matar za ta tsaya ta yi jawabin wahalar rayuwa. A fim, a nuna ta tana karkata buhun shinkafa tana kakkaɓe gindinsa cikin gwangwani, bai cika ba. Mijin yana zaune bakin ƙofa yana duba waya, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ta ce, "Shiru?" Ya ce, "Shiru." Yaro ya shigo da takardar kuɗin jarrabawa ya tsaya, ya kalli uban, ya mayar da ita aljihu. Kalma biyu aka faɗa, kuma duk ma'aikacin da ya kalla sai ya ji a jikinsa.

Abu na biyu da ke kashe rubutun sabon shiga shi ne tsada. Kowane sabon wuri kuɗi ne, don sai an kwashi mutane da kaya an kai. Ana ɗaukar fim ne wuri-wuri, ba bisa jerin labari ba: duk sin ɗin da ke falon Alhaji, daga kashi na 1 har na 13, a jere za a ɗauke su. Saboda haka labarin da ya zauna a wurare shida zuwa takwas furodusa zai rungume shi. Wanda ke da taron biki, da kasuwa, da ruwan sama, da haɗarin mota, da dare a titi, zai ce maka ya yi kyau ya sa a durowa. Ka roƙi abokinka ya bar ka ka zauna a lokeshan kwana uku lokacin hutu, kana gefe da littafinka, ba ka gyara wa kowa komai. Za ka ga yadda jarumi ke karanta layin da ka sha wahala a kansa sau ɗaya ya faɗe shi da kalmominsa, ka ga inda darakta ke yanke rabin sin don rana ta kusa faɗuwa. Abin da za ka koya a nan babu littafin da zai ba ka. Kafin ka miƙa kashi na ɗaya kuma, ka tara mutum uku su karanta shi da ƙarfi kana riƙe da agogo. Duk inda ka ga mai karatu ya fara sauri don ya wuce, wurin ya yi tsawo.

Sai maganar da ta fi damunka, ta rubutawa. Malam, kunyar nan ita ce ke raba abokai, ba takarda ba. Mutum biyu da suka rabu a kan "za mu daidaita" kowa da abin da ya ji. Bayan shekara guda kai kana tuna rabi, shi yana tuna rabin abin da ya rage bayan ya cire nasa, kuma ba wanda ya yi ƙarya da gangan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin muminai ake magana, ba tsakanin maƙiya ba. Ga yadda za ka iya faɗa masa: "Mutumina, ni da kai ba ma buƙatar takarda. Amma akwai rai akwai mutuwa, kuma muna da 'ya'ya. Mu rubuta don kada su yi rigima a bayanmu." Ba mai hankalin da zai ji haushin wannan.

Shafi ɗaya ko biyu sun isa. A rubuta sunan labarin da yawan kashin da za ka rubuta. A rubuta kuɗin kowane kashi, a tsaye, ba kaso daga riba ba. A raba biyan uku: kashi ɗaya bisa uku kafin ka fara, ɗaya in ka miƙa rubutun farko, ɗaya in ka miƙa gyararre, kuma duka kafin a fara ɗauka, don da zarar kyamara ta fara juyawa marubuci ne na ƙarshe da ake tunawa. A faɗi sau nawa za ka yi gyara cikin wannan kuɗin, biyu ya wadatar, abin da ya ƙaru a sake magana. A rubuta yadda sunanka zai fito a allo, kuma ka bambance "labari" da "tsarawa", don in wani ya sake tsara rubutunka ana iya ba shi duka biyun kai ka ɓace. A fayyace abin da ka sayar: izinin yin fim kaɗai, littafi da wasan rediyo suna hannunka. Doka ta ce mallakar da haƙƙi ko ba da izini na keɓe ba ya inganta sai a rubuce, kuma fim ɗin kansa na wanda ya shirya yin sa ne, wato furodusa, don haka abin da ba ka riƙe a takarda ba kada ka sa rai da shi. A sa wa'adi: in ba a fara ɗauka cikin wata 18 ba, labari ya dawo gare ka. A ce wani abu a kan zango na biyu, ko kai za a fara tuntuɓa. Shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa, kowa ya riƙe kwafi. In ya dage sai ya ƙara maka kaso daga kuɗin YouTube, alheri ne, amma ka nemi a sa ka cikin masu izinin duba tashar a matsayin da ke nuna kuɗin shiga, don akwai taƙaitaccen matsayi da ke ɓoye shi. A kuma rubuta cewa gabatar da fim gaban Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano nauyin furodusa ne. Ba ƙaramin abu ba ne: a watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan sakin su ba tare da an kai tacewa ba.

Kuɗin rubutun farko ba zai yi yawa ba, ka sa wannan a ranka. Ka tambayi marubuta biyu ko uku da ke cikin harkar nawa ake biyan sabon marubuci a yanzu kafin ka yanka farashi.

Wannan ya kawo mu ga abin da muka fi so ka riƙe. Kana ganin abokinka shi kaɗai ne hanyarka, shi ya sa kake jin in ta wuce shi ke nan, kuma shi ya sa kake shirin yarda da sharaɗin da ba za ka yarda da shi daga baƙo ba. Mai ƙofa ɗaya ba ya ciniki. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya nuna tun 1973 cewa mutane sun fi samun labarin aiki ta hannun waɗanda suka sani sama-sama fiye da aminai, saboda amininka abin da ka sani shi ya sani, na nesa kuwa yana shiga inda ba ka shiga. Kai shekara 28 kana yaye ɗalibai. Cikinsu akwai wanda ke gidan rediyo, akwai mai tace hoto, akwai wadda ke rubuta littafi tana sakewa a WhatsApp, akwai mai aiki da ƙungiyar da ke shirya wasan kwaikwayon wayar da kai. Waɗanda suka yi wasanninka ranar rabon kyaututtuka ba su manta ba. Ka rubuta sunayen goma, ka kira su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ce a taimaka maka, wannan yana sa ɗalibi jin nauyi ya riƙa guje wa kiranka. Ka ce, "Ina da rubutu shafi goma, wa ka sani da zai karanta ya gaya min gaskiya?" Ka kuma riƙa halartar zaman Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya reshen Kano, inda ake karanta rubutu a yi masa gyara ido da ido. Sai dai ka shirya: wanda zai gyara maka yana iya zama sa'an ɗanka, kuma ba zai ce "Allah gafarta Malam" kafin ya ce sin na huɗu bai da amfani ba. Wanda ya saba riƙe jan biro, wannan ne ya fi yi masa wuya, kuma da yawa a nan suke komawa gida.

Akwai kuma ƙananan ayyukan da ke sa a san ka ba tare da ka kashe ko sisi ba: gyaran Hausar rubutun wani, daidaita maganar mutumin ƙauye ko ta fada, duba fassarar da ake sawa a ƙasan allo. Kai ka fi yawancinsu sanin wannan, kuma wanda ka gyara wa aiki sau biyu shi zai ambaci sunanka a inda ba ka nan.

Shi kuwa Yaya, ba rubutun yake ƙi ba, abin da za a faɗa a unguwa yake gudu. Kada ka yi gardama da shi. Ka kai masa taƙaitaccen labarin ya karanta, ka gaya masa aikinka a kan tabarmarka za ka yi shi, ba fitowa za ka yi a allo ba, kuma fili da aiki suna nan. In har yanzu bai natsu ba, ka fara da sunan alƙalami. Uwargida kuma abokiyar kuka ce, ba a ɓoye mata mutuwa: ta ga yarjejeniyar kafin ka sa hannu, ta san nawa aka biya. Ka ba ta kashi na ɗaya ta karanta, don mafi yawan abin da za ka rubuta a tsakar gida yake faruwa, kuma ta fi ka sanin abin da mace za ta faɗa da wanda ba za ta taɓa faɗa ba.

In ka gama shafukan nan, ka je ofishinsa da kanka, kada ka yi ta waya. Ka ce masa fili ba zai sayu ba, ga rubutu. Sannan ka ba shi mako shida. In ya karanta ya kira ka yana cewa kashi na uku ya yi sanyi, a rage wurare, to labarin yake so, ku zauna ku rubuta yarjejeniya. In kira ya ɗauke, ka ci gaba da gaishe shi, ka je sunan jikarsa, ka kai rubutun ga na biyu a jerin sunayenka.